Ranar Da Gidan Desmond Ya Tafi Hutu

Desmond Tarrant ya yi shekara talatin da ɗaya yana sayar da kafet a birnin Perth, inda Kirsimeti ke faɗowa tsakiyar lokacin zafi, amma in ka zauna da shi minti biyar sai ka rantse shi ya ja wa garin wutar lantarki. Babu abin da bai iya ba, a bakinsa. In motarka ta ƙi tashi ya san dalili tun ba a buɗe gabanta ba. In bishiyarka ta bushe zai ce ai ya gaya maka, ko da ranar kuka fara haɗuwa. Da ya yi ritaya sai hannunsa ya rasa abin yi, bakin kuma ya samu ƙarin lokaci, kuma matarsa Glenys ce ta fi kowa shan wahalar abin.

Ita Glenys abu ɗaya take so a duniya, a dawo da taron cin abincin Kirsimeti gidanta. Da can a gidanta dangi ke haɗuwa, har shekarar da Desmond ya ce zai soya talo-talo sukutum a cikin duro cike da mai. Ya ƙone rumfar baya da rabin shinge, dangi suka ci burodi da kifin gwangwani a bakin titi suna kallon 'yan kwana-kwana. Tun daga ranar, uwarta Nana Beryl ta mai da taron gidan babbar 'yarta Rhonda, ita kuwa Rhonda ta riƙe abin gam kamar gado. Shekara goma sha tara ke nan. Bana da Nana ta cika tamanin da takwas zuciyarta ta ɗan yi laushi, ta ce a gwada gidan Glenys sau ɗaya, da sharaɗi guda: jatan lande ya iso tebur da sanyinsa. A wurin Nana, matar da ta kasa kawo jatan lande mai sanyi a ranar da rana ke narka kwalta ba ta isa ta tara mutane ba. In an kuskure, taron ya koma wurin Rhonda, kuma ba za a sake ɗaga maganar ba.

Glenys ta zaunar da mijinta, ta roƙe shi da girman aurensu kada ya taimaka mata da komai. Shi kuwa abin da kunnensa ya jiyo shi ne, lokaci ya yi da zai wanke kansa a idon dangi.

Mako biyu kafin ranar wani ƙunshi ya iso da 'yan sitika farare, kowace ba ta wuce kwabo ba, irin waɗanda ake kira NFC. Aikinsu mai sauƙi ne. Za ka koya wa kowace aikinta da wayarka, ka manna ta a bango, duk lokacin da ka goga bayan wayar a jikinta sai gida ya yi abin da aka umarce shi. Desmond bai tsaya nan ba. Ya sauya soket-soket da masu jin umarnin waya, ya sa wa ƙofofi kuba ta zamani, ya haɗa labulen ƙarfen tagogi da ƙofar gareji da famfunan feshin ciyawa duk a layi ɗaya. Ya tattara makullan gidan kaf ya zuba a gwangwanin biskit ya ɗora saman kabad, ya ce zamanin makulli ya wuce. Glenys ta ce ya yi duk haukan da zai yi, amma kada ya taɓa tsohon firjin gareji, domin a nan jatan lande zai kwana. Ya rantse ba zai taɓa ba. Da ta tafi kasuwa ya janye firjin ya sa masa nasa soket ɗin, ya mai da shi yadda yake.

Umarni talatin ya tsara, biyu daga ciki su ne abin alfaharinsa. Na farko ya sa masa suna "Kirsimeti": da an goga, fitilu masu walƙiya su kama, kiɗa ya tashi, fankar rumfa ta soma feso raɓa mai sanyi. Na biyu shi ne "Mun tafi hutu": ya kashe duk abin da ke jan wuta, ya kulle ƙofofi, ya sauke labulen ƙarfe, ya ba ciyawa ruwa, ya kuma saki muryar wani ƙaton kare da ya naɗa don tsorata ɓarayi, tunda ba su da ko kyanwa.

Ranar da zai koya wa sitikun aikinsu ya fito da su teburin rumfar baya, ya jera su layi-layi, don maƙwabcinsa Dragan ya gani ta kan shinge. Dragan ya yi shekara arba'in yana aikin lantarki kafin ya ajiye, mutum ne mai ƙarancin magana, yana ba tumatirinsa ruwa da bokiti. Ya leƙo ya ga farare talatin iri ɗaya, ya ce da dai an rubuta wa kowace sunanta a baya. Desmond ya yi dariya, ya ce gida mai hankali ba ya buƙatar rubutu, rubutu na mutanen da ne.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ba a barin takarda a teburin waje in rana ta karkata lokacin zafi, domin iskar teku da muke kira Likita ba ta saɓa alkawari. Desmond yana gama ta talatin, ya miƙe yana miƙa, sai Likita ta iso. Shafa ɗaya ta yi wa teburin. Wasu sitikun suka faɗa ciyawa, wasu suka shige ƙarƙashin murhun gashi, ɗaya ta tsallake shinge. Ya bi su da rarrafe yana tsincewa, Dragan ya miƙo masa ta ƙarshe daga cikin tumatir.

"Maƙwabci, ka goga kowace ka ga abin da take yi kafin ka manna."

"Ni na haife su, Dragan. Ina kallon kowace na san ta."

Don ya rufe bakin tsohon, ya ɗauki ɗaya ya ce wannan ta fankar rumfa ce, ya goga. Fanka ta juya. Wannan sa'ar ita ta kashe shi, domin daga nan bai sake gwada ko ɗaya ba, ya bi gida yana mannawa yana fito.

Washegari da safe ya miƙa hannu ya goga sitikar gefen gado, wadda ya kamata ta ɗaga labule ta dafa ruwan shayi. Labule bai motsa ba. Daga waje ne aka ji wani ya yi ashar da yaren ƙasarsu ta asali. Famfunan ƙofar gida ne suka tashi daidai lokacin da Dragan ya sunkuya ɗaukar jaridarsa a kan iyakar gidajensu. Ga shi ranar Laraba ce, alhali kowa ya san hukuma ta raba wa gidaje ranakun ban-ruwa, na Desmond Litinin da Juma'a ne. Dragan ya tsaya yana ɗiga, ya tuna masa cewa a layin nan an fi yafe wa ɓarawo a kan mai ban-ruwa ba ranarsa ba. Desmond ya leƙo ta taga ya ce gwajin ƙarfin famfo yake yi, kuma sakamakon ya gamsar da shi.

Ta banɗaki ce ta tona masa asiri. An yi ta ne don ta kunna 'yar fankar fitar da iska, sai ta zama ita ke ɗaga ƙofar gareji. Shi bai sani ba, yana can ciki yana yabon fankar da rashin ƙara. Kwana uku duk shigar da zai yi sai ƙofar gareji ta yi gurnani ta ɗaga, duk layin su ji. Ran na huɗu Dragan ya tare shi a bakin shinge da fuskar tausayi, ya ce jiya ya ƙirga sau shida, ya kamata a ga likita, ba iskar ba, na gaske. Da yamma matarsa Vesna ta aiko da dafaffiyar shinkafa fara da wani ganyen shayi mai ɗaure ciki. A kanti ma wata mata ta riƙe hannun Glenys ta tambaye ta jikin maigida.

Glenys ta dawo ta ce ya ɓamɓare sitikun duka yau ɗin nan. Desmond ya ce ashe ba ta gane ba, da gangan ya yi, tsaro ne: ɓarawon da ya shigo yana neman fitila zai ƙare da kunna injin wanki. Maimakon ya gyara, sai ya shiga haddace sabon tsarin. In yana son shayi sai ya fita bakin titi ya goga ta akwatin wasiƙa. In yana son talabijin sai ya shiga ɗakin wanki. Fitilar falo tana cikin kabad ɗin takalma. Yini yake yana zagaya gida da waya a hannu, har wandonsa ya fara yi masa yawa, ya ce wannan ma yana cikin amfanin tsarin. Kafin jajibiri ya gano aikin ashirin da takwas. Biyu suka rage, ta ƙarƙashin babban teburin rumfa da ta aljihun mota. Lissafi mai sauƙi ne a wurinsa: ta tebur ita ce "Kirsimeti", tunda nan ya nufe ta, ta mota kuma ita ce "Mun tafi hutu". Bai gwada ta teburin ba, don kada ya ɓata wa jama'a mamaki.

Ranar jajibiri Glenys ta yi sammako kasuwar kifi, ta sha layin awa uku kamar kowa. Desmond ya ga ta shigo gareji da farin akwatin soso an naɗe shi da salatif, ta tura shi cikin firji, ta ce kilo takwas ne a ciki, in ya kuskura ya buɗe ya nemi wani gidan. Ya lura kwana biyun nan tana yawan tsayawa da Vesna a bakin shinge, ana miƙa abubuwa lulluɓe da tawul. Ya ɗauka harkar mata ce ta musayar girki, bai sa kansa ba.

Ranar Kirsimeti zafi ya kai digiri arba'in da ɗaya tun kafin azahar. Rhonda ta iso da mijinta Kev a sabuwar a-kori-kurarsa fara, ya faka ta daidai ƙofar gareji don kowa ya gani. Ta shigo tana shafa yatsa a kan kabad, tana tambaya ko an tuna da lambar 'yan kwana-kwana. Kev kuwa tun daga ƙofa yake kiran Desmond injiniya. Mutum goma sha huɗu suka zauna a rumfar baya, kowa da hular takarda a kai, Nana Beryl a babbar kujera tana fifita da faranti. An jera naman sanyi da kwaɗon ganye da burodi. Jatan lande sai an zauna tsaf ake fito da shi, saboda zafi.

Desmond ya jira kowa ya fito, ya rufo ƙofar baya, ya buga cokali a kofi. Ya ce shekara goma sha tara ana yi masa gori a kan talo-talo ɗaya, yau za a ga bambancin mai sayar da kafet da mai hangen nesa. Glenys ta kira sunansa a hankali, sau ɗaya. Ya yi mata murmushi, ya zura wayar ƙarƙashin tebur, ya goga.

Fanka ta tsaya. Labulen ƙarfe suka sauko ɗaya bayan ɗaya, taga bayan taga, ƙofar baya ta yi ƙaras, ta gaba ta amsa mata. Daga lasifikar rumfa muryar Desmond da kansa ta fito, cike da isa: "A sauka lafiya, iyalin Tarrant. Gida yana hannuna." Sai ƙaton kare ya kama haushi daga cikin falo. Kafin kowa ya buɗe baki, famfunan farfajiyar baya suka ɗago kai daga cikin ciyawa, suka shiga yi wa tebur da mutanen da ke kansa wanka.

Hulunan takarda suka narke a kawuna, launinsu na bin goshi. Rhonda ta rufe baki da hannu, ba don firgita ba, don kada a ga haƙoranta. Glenys ta cire tabaranta ta goge, ta mayar, ta dubi mijinta.

"Firjin gareji fa, Des?"

Ya so ya yi ƙarya, bakin ya ƙi. Ya ce wataƙila, a bisa tsari, shi ma ya ɗan tafi hutu.

"To," in ji Glenys. Ta ja kujera ta zauna kusa da uwarta.

Wannan "to" ɗin ya fi masa zagi ciwo. Da ta yi faɗa da ya san yadda zai kare kansa, amma ta zauna shiru tana gyara wa Nana jiƙaƙƙiyar hularta. Karo na farko a ranar Desmond ya ji tsoro na gaske. Ya tuna yadda ta yi kuka a mota shekarar talo-talo, da yadda kowace shekara take ɗaukar kwanon kwaɗonta zuwa gidan Rhonda kamar baƙuwa. Ga shi ya sake yi mata, kuma garejin rufin kwano ne, a rana irin wannan ko ƙwai ka ajiye a ciki sai ya dahu.

Ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, daga waya zai buɗe komai. Waya ta ce ba ta samun gida. Ya danna, ya girgiza ta, ya ɗaga ta sama, ya ce ai duk ƙasar ce ke kan layi ana gaishe-gaishe, shi ya sa. Kev ya tambayi injiniya ko akwai makulli irin na mutanen da. Akwai, suna cikin gwangwanin biskit, gwangwanin yana cikin kicin. Aka kira masu gyaran kuba har uku, biyu ba su ɗauka ba, na ukun ya ce yana bakin teku da iyalinsa, a sake kira bayan kwana biyu. Famfunan suka gama rabin awarsu suka kwanta, amma karen bai gaji ba. Haushinsa ya fito da mutanen layi, suka jeru a bakin shinge da kofuna a hannu. Aka ce a kai Nana gidan Dragan ta sha sanyi, ta ce ko da igiya ba za a ja ta ba, rabonta da Kirsimeti mai daɗi haka tun na talo-talo.

Dragan ne ya yi magana ta kan shinge, a natse.

"Maƙwabci, me ya yi zafi? Ai duk layin nan mun san yadda garejinka ke buɗewa."

Layi ya ɗauki dariya. Desmond ya haɗiye, domin gaskiya ce: sitikar banɗaki ita ce makullin gareji, kuma tagar banɗaki ce kaɗai ba ta da labulen ƙarfe. Ya jawo kwandon shara mai taya ya hau, ya zare gilasan tagar ɗaya-ɗaya, ya tura kai da kafaɗu. Tumbin ne ya ce shi nan ya tsaya. Rabin Desmond na ciki, rabinsa na waje yana harbin iska, kwandon kuma ya gangara ya bar shi. Ya miƙa hannu iya tsawonsa, ya kai wayar jikin sitikar bayan ƙofa, ya goga. Shiru. Ya sake gogawa, ya sake. A gogawa ta goma ne ya tuna cewa, don tsimin wuta, ya sa akwatin intanet na gidan ma cikin abubuwan da za su mutu in an tafi hutu. Gidan ya toshe kunnensa da kansa, ko sitika ɗari za a goga babu mai ji. Gumin hannunsa ya yi nasa aikin, wayar ta sulluɓe ta faɗa cikin masai, tsulum.

Daga waje aka tambaye shi ƙarar mene ne. Ya ce ba komai, yana kan aiki.

Fito da shi ya ci kwalbar man zaitun ɗin da Glenys ta saya don kwaɗo. Kev ya kama ƙafa ɗaya, wani ɗan uwan Glenys ya kama ɗaya, aka ƙirga uku aka ja. Gajeren wandonsa ne ya fara fitowa, shi kaɗai. Desmond ya biyo baya a ja na biyu, yana sheƙi, da ɗan kamfai mai hoton barewa. Mutanen layi suka tafa masa. Nana ta ce a matsa mata kujera, itace ya tare mata.

An fi awa ɗaya da rabi ke nan. Dragan ya ce a ba shi minti goma ya ɗauko kayan aikinsa, zai buɗe garejin ba tare da ɓarna ba. Desmond, yana ɗaure wando, ya ce ba shi da minti goma, kuma wannan matsala ce ta zamani, ta fi ƙarfin sukurdireba. Ya ɗauko igiyar jan mota ya ɗaura a hannun ƙofar gareji, ya ɗaura ɗayan bakin a gaban a-kori-kurar Kev. Kev bai yi musu ba, tun safe yake neman hanyar nuna ƙarfin motar. Ya sa giyar baya ya taka. Ƙofar ta yi kukan da ya rufe na karen, ta lanƙwashe a tsakiya, gindinta ya ɗago kamar tsawon gwiwa.

Desmond ya kwanta ya shige ta ƙasa, man zaitun ya taimaka. Cikin garejin kamar tanda. Ya buɗe firji, ba fitila, ba sanyi, ya rungumo farin akwatin ya turo shi waje, ya biyo shi da rarrafe. Ya ruga da shi rumfa, jama'a na bin sa a baya, ya dire shi gaban Nana yana haki. Rhonda ta riga ta toshe hanci. Ya dubi Glenys, ya ce mata a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji, ta yafe masa. Wannan karon har cikin ransa ya faɗa.

Nana ta ce a buɗe. Ya yanka salatif ya ɗaga murfi. Bulo biyu ne a ciki, naɗe da tsohon tawul, da 'yar takarda a kai da rubutun Glenys. Kev ya zare ta ya karanta wa kowa: "Na san halinka, Des."

Glenys ta miƙe ta je bakin shinge. Vesna ta miƙo mata babban tire, sannan na biyu, sannan na uku, jatan lande ja jawur a kan dutsen ƙanƙara, sanyi na tashi daga jikinsa. Tun jiya da safe yake kwance a firjin Vesna, tare da kek ɗin farin ƙwai da kirim. Duk layin sun sani, har matar kanti. Glenys ta jera tirorin, ta sa hannu a aljihun rigar girkinta, ta zaro makulli ɗaya tal, irin na mutanen da, ta je ta buɗe ƙofar baya.

Desmond ya bi ta da ido, bakinsa a sake.

"Tun ɗazu yana aljihunki? Glenys, kina kallo na maƙale a taga!"

"Shekara goma sha tara na yi ina jira, Des. Awa biyu ba za ta kashe ka ba."

Nana Beryl ta ɗauki jatan lande ɗaya, ta kara shi a kumatunta tukuna, sannan ta ɓare ta ci. Ta goge yatsunta ta ce matar da ke auren wannan mutumin, ta kuma iya kawo jatan lande da sanyinsa, babu abin da za a ƙwace mata. Baɗi a nan za a yi, da baɗin baɗi, har ranar da za a binne ta. Rhonda ta ce ai da taimakon maƙwabta ne, Nana ta ce sanin wanda za ka dogara da shi ma girki ne, ta kuma ce Rhonda ta miƙo mata miya. Glenys ta juya baya tana gyara tire, ta daɗe tana gyara shi, idonta ya cika da hawayen daɗi.

Dragan ya shiga ya mai da akwatin intanet da firji a soket na gaskiya, ya kashe karen. Glenys ta raba wa baƙi wuƙaƙen shafa bota, aka bi gida ana ɓamɓarar sitika, aka tara ashirin da takwas a faranti. Kev ya tsamo wayar da maƙatar juya nama, Rhonda ta sa aka jefar da maƙatar. Wayar ta kama. Wannan ya ishi Desmond farfaɗowa. Kafin a kai ga kek ya riga ya bayyana wa maza cewa da gangan ya zaɓi mai jure ruwa, kuma in aka duba da kyau umarnin hutun ya yi aiki ɗari bisa ɗari, mutum goma sha huɗu sun kasa shiga gidan, ina ga ɓarawo ɗaya. Ya ci jatan lande ya fi rabon mutum uku.

Da la'asar Likita ta taso, rumfa ta yi sanyi, hira ta yi daɗi. Desmond ya ji cikinsa ya motsa, ya miƙe ya shige ciki. Babu wanda ya tuna da ta bayan ƙofar banɗaki, shi ma bai tuna ba, hannunsa ne ya tuna. Daga ƙofar gida aka ji injin gareji ya yi gurnani, ya ja lanƙwasasshiyar ƙofar sama da ƙyar, ta yi rawa, ta zame daga layinta, ta kife gaba ɗaya a kan sabuwar a-kori-kurar Kev.

Kev ya tsaya da cokalin kek a bakinsa. Dragan ya duba agogonsa, ya juya wajen 'yar tagar da ba ta da gilashi, ya ɗaga murya kaɗan.

"Uku ke nan yau, maƙwabci. An samu sauƙi."